Sayen fili a ƙauyen tsibiri: takarda, ruwa ko jirgi, wanne ake fara dubawa?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Ana yawan tallata filaye a ƙauyukan tsibirai masu nisa, a nuna farin yashi da itatuwan kwakwa, a ce ga arha kamar kyauta. Idan mutum yana da niyyar saye ya gina gida, wataƙila har da ɗakuna huɗu na saukar 'yan yawon buɗe ido, me ya kamata ya fara bincikawa? Masana a taimaka, dalla-dalla.

Barista:
Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Tambayar farko ita ce ko baƙo yana da ikon mallakar ƙasa a wurin. A Filifin tsarin mulkin 1987 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili, kamfani ma sai kashi 60 cikin 100 yana hannun 'yan ƙasa. A Indonesiya cikakkiyar mallaka, wadda suke kira Hak Milik, ta ɗan ƙasa ce kaɗai. A Zanzibar ƙasa duka a hannun gwamnati take, abin da mai zuba jari ke samu haya ce. A Fiji kusan kashi 90 cikin 100 ƙasar dangi ce ta 'yan asali, ba a sayar da ita, sai dai a yi hayarta ta hannun hukumar da ke riƙe musu amana.

Dillali ba zai faɗa maka wannan ba. Cewa zai yi a sa sunan wani ɗan gari a takarda, ku ƙulla wata yarjejeniya a gefe. Ta nan aka fi asarar kuɗi. Dokar ƙasa ta Indonesiya ta 1960 ta ce irin wannan ciniki ɓatacce ne, fili ya koma ga gwamnati, kuɗin da aka biya kuma ba a neman sa. Ko a inda doka ba ta kai haka tsanani ba, ranar da mai sunan ya rasu, magadansa takarda za su duba, ba alkawari ba.

Idan doka ta yarda, saura gado. Fili a ƙauye da wuya ya zama na mutum ɗaya. Wanda ke zaune a kai shi zai miƙo hannu, alhali 'yan'uwansa shida suna can ƙetaren ruwa suna neman kuɗi, kowa da rabonsa. Sai a nemi sunayen magada duka, kowa ya sa hannu ko ya aiko da wakilci a rubuce. A kawo safiyo mai lasisi ya auna a gaban maƙwabta, a kafa turakun kankare a ranar. A je ofishin filaye a duba ko an jinginar da filin. Kuma a tabbatar hanyar shiga tana cikin takarda, domin akwai filin da za ka saya ka tarar ba ka iya kaiwa gare shi sai ta gonar wani.

Injiniya Abu Safwan:
Barista, duk abin da ka faɗa daidai ne, amma ni ba zan biya lauya ko sisi ba sai na san inda ruwan sha zai fito. Fili mai takarda tsaf da babu ruwa, hoto ne kawai.

A ƙaramin tsibiri mai yashi, ruwan daɗi yana shawagi ne a kan ruwan gishiri a ƙarƙashin ƙasa, saboda ya fi shi rashin nauyi. Lissafinsa sananne ne: duk mita 1 da ruwan rijiya ya ɗara matakin teku, akwai kimanin mita 40 na ruwan daɗi a ƙasa. Juya lissafin ka ga haɗarin. Idan injin ja ya sauke ruwan rijiya da santimita 10 kacal, ruwan gishiri zai iya tasowa mita 4. Shi ya sa mai haƙa burtsatse mai zurfi ya jefa babban inji yake ɓata rijiyarsa da ta maƙwabta a rani guda, kuma idan zartsi ya shiga, damina ɗaya ba ta wanke shi. Abin da ke aiki shi ne rijiya mai faɗi marar zurfi, da ƙaramin inji mai ja a hankali na awanni masu yawa.

A gwada ruwan a ƙarshen rani, ba bayan an sha ruwan sama ba. Akwai ɗan ƙaramin ma'auni na aljihu da ke nuna yawan narkakken gishiri. Ƙasa da miligiram 600 a lita ruwa ne mai daɗi, idan ya haura 1,000 kuwa baki ma zai gaya maka. A gwada rijiyoyi uku ko huɗu na kusa, da safe da yamma.

Baban Ummi:
To Injiniya, idan aka dogara da ruwan sama fa? Tanki nawa zai isa?

Injiniya Abu Safwan:
Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 na rufi lita 1 ne. A ɗauka rufin murabba'in mita 100 ne, ruwan shekara kuma milimita 1,200. Lita 120,000 ke nan a takarda, a cire kashi 20 cikin 100 na abin da ke fantsama da wanda ake zubarwa, saura 96,000. Iyali mai mutum 5, kowa lita 50 a rana, lita 250. Idan rani kwana 120 ne, ana bukatar tankin da zai riƙe lita 30,000. Wannan mai yiwuwa ne.

Yanzu ƙara baƙi. Ɗaki 4, mutum 8, a ba kowa lita 150 saboda wanka sau biyu, wankin zanin gado da ruwan bayi. Lita 1,200 a rana, a kwana 120 lita 144,000. Ya wuce abin da rufin ya tara a shekara gaba ɗaya. Kuma baƙi a rani suke zuwa, lokacin da sama ta ɗauke. Nan masaukai da yawa ke karyewa, su koma sayen ruwa a jarka ta jirgi.

Ruwan farko kada ya shiga tanki, yana ɗauke da ƙura, gishiri da kashin tsuntsaye. A kauda kimanin lita 1 ga kowane murabba'in mita, wato lita 100 a wannan rufin. Bututu mai inci 4 kusan lita 8 yake ci a mita ɗaya, don haka wajen tare ruwan farkon nan ganga ta fi bututu. A sa raga a bakin indararo da bakin tanki saboda sauro. Tanki biyu ko uku masu makunni daban sun fi ƙato ɗaya, domin in ɓera ya faɗa ɗaya ko ya tsage, ba ka rasa komai a dare guda ba.

Ummu Hanif:
Injin tace ruwan teku fa? Na ga ana ta yabonsa.

Injiniya Abu Safwan:
Yana aiki, Ummu Hanif, amma ba ya yafe sakaci. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a lita, sai an matsa shi da ƙarfi sosai ta cikin matata kafin ya rabu da shi, wuta yake ci ba kaɗan ba. Idan aka bar shi kwanaki ba a kunna ba, ba a kuma wanke shi da ruwan daɗi ba, matatar ta toshe. Ruwa mai kulorin kuma yana lalata ta. Wanda ba zai ajiye matata da robobin gyara a gida ba, kada ya saya.

Kyaftin:
Ku biyun kun fara daga tsakiya. Lauya, safiyo, tanki, siminti, baƙo, marar lafiya, duk a kan jirgi ɗaya za su hau. A fara da shi. Sau nawa yake zuwa a mako? Wata nawa ne a shekara iska ke hana shi tashi? Kada a tambayi mai jirgin, a tambayi masu shago da malaman makaranta, su ne ke ƙirga kwanakin da kaya ba su iso ba.

Sannan wurin sauka. Akwai tsibirin da jirgi ba ya iya matsowa sai teku ta cika. A yawancin gaɓoɓi teku tana cika sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, wato kullum lokacin yana ja baya da kusan minti 50. Cikar da ta fi girma, da janyewar da ta fi nisa, suna zuwa ne a tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa. Tsakanin janyewa da cika kusan awa 6 ne, amma ruwan ba ya hawa daidai-wa-daida: a awa ta uku da ta huɗu rabin hawan duka ke faruwa. Mai tafiya a ƙafa a kan yashin da ruwa ya janye, a waɗannan awoyi biyu ake rutsa shi.

Kuma wannan ya shafi filin kansa. A je a gan shi ranar babbar cika, a lokacin iska, a duba inda ruwa ya ajiye ciyawa da tarkace. Can ne iyakar teku ta gaskiya. Idan ka ga saiwar kwakwa a waje, ko kututtura tsaye a cikin ruwa, gaɓar tana cinyewa.

Barista:
Kyaftin ya taɓo abin da na tsallake. A ƙasashe da yawa bakin teku na jama'a ne, kuma akwai tazarar da ba a gini a cikinta. A Sifen dokar gaɓa ta 1988 ta keɓe mita 100. Ana auna tazarar ne daga inda ruwa ke kaiwa, to idan gaɓa ta ci, layin ya biyo ka har cikin falo. Amma ban janye ba: wanda ya gama binciken ruwa da jirgi ya biya kuɗi ga wanda ba shi da ikon sayarwa, ya yi wa wani bincike ne.

Kyaftin:
Ba mu ƙi ba, Barista. Bambancin shi ne binciken jirgi kuɗin tikiti kawai yake ci.

Ga ƙa'idojin ƙaramin jirgi, tunda mai masauki shi zai riƙa ɗauko baƙi. Man jirgi kashi uku ne: ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya. Rigar ceto ga kowane kai, a jiki, har da masu girman yara, domin ta babba zamewa take yi ta kan yaro. A jirgi a samu filogi na sauyi, farfela da fil ɗinta, matatar mai, igiya, filafili, abin kwarfar ruwa da tocila. Abin da ya fi kashe inji a tsakiyar ruwa shi ne ruwa a cikin mai, saboda jarkar da aka bari rabi a wuri mai laima tana yin gumi a ciki. A samu rediyon jirgi, tasha ta 16 ita ce ta neman agaji a duk duniya. Waya ba abin dogaro ba ce da zarar an yi nisa da gaɓa. Kafin a tashi a gaya wa wani a tudu: mutum kaza, za mu isa ƙarfe kaza.

Lodi fiye da kima shi ne babban makashi, kuma ba ƙananan jirage kaɗai ba. Babban jirgin Le Joola na Senegal an yi shi ne don mutum ɗari biyar da 'yan kai, ranar 26 ga Satumba 2002 ya kife da sama da mutum 1,800. In ka ga ruwa ya kusa leɓen jirgi tun a tasha, sauka, ko da na gaba sai jibi.

Malam Magini:
Bari in shigo da maganar gini, don a nan ake narkar da kuɗi ba a sani ba. Iskar teku gishiri ce. Rodin da aka bari kusa da fatar kankare zai yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki, shekara kaɗan ka ga ginshiƙi yana ɓarewa. A bar aƙalla santimita 5 tsakanin rodi da waje, a sa 'yan ƙananan tubalan siminti su riƙe tazarar, ba tsakuwa ba. Kada a kwaɓa da ruwan teku ko na zartsi. Yashin bakin teku ma gishiri gare shi, ga shi ɗibarsa haramun ne a wurare da yawa don yana ƙara cin gaɓa. Kwaɓin kada ya yi ruwa, a yi ta ba shi ruwan daɗi kwana 7. Ka ga Injiniya ya sake yin gaskiya: tanki ake fara kafawa kafin tushe.

Ƙusa da noti na waje su zama ƙarfe marar tsatsa lamba 316. Lamba 304 tana yin tabo kusa da teku. Kada a haɗa alminiyom da tagulla kai tsaye, ɗaya zai ci ɗaya. Rufi mai gangare huɗu ya fi mai biyu jure guguwa, a karkata shi kimanin digiri 30, bakinsa kada ya zarce bango da fiye da rabin mita. A ɗaure kwano da noti, ba ƙusa ba, a ɗaure katako da bango da maɗaurin ƙarfe har zuwa tushe. Rufin baranda a raba shi da na gida, in iska ta ɗauke shi kada ya ja babban.

Siminti kuma a sayo daidai aikin wata guda. A laima yana daskarewa a buhu. Ƙananan kaya irin su gwiwar bututu da makunni a ƙara kashi 10 cikin 100, domin rashin abu ɗaya yana zaunar da ma'aikata mako guda suna jiran jirgi, kana biyansu.

Ummu Hanif:
Malam, ba ka ce komai kan masai ba, alhali ita ce ke haɗa gini da asibiti. A bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, rijiya tana ta ɓangaren tudu. A ƙasa mai yashi ko dutsen murjani mai ramuka, ko mita 30 ɗin ba ta isa ba, ƙazanta tana wucewa kamar ta rariya. Inda ruwan ƙasa ke kusa, gara a ɗaga masan sama a yi ta busasshiya mai ɗaki biyu, ana amfani da ɗaya ɗayan yana ruɓewa. Tsibirin Boracay a Filifin sai da gwamnati ta rufe shi wata 6 daga Afrilun 2018, babban dalili kuwa ruwan ƙazantar masaukai da ke kwarara teku.

Game da lafiya, a ƙirga awa nawa ne daga ƙofar gida zuwa asibitin da ke tiyata da ƙarin jini, da dare, a lokacin iska. Wannan adadin shi ne gaskiyar wurin. Mai juna biyu ta ƙetare tun wajen mako na 36. Mai hawan jini, ciwon suga ko asma ya ajiye maganin wata 3, insulin kuma yana son sanyi, wato firjin da ba ya mutuwa. A gida a samu gishirin zawo mai yawa, bandeji, maganin wanke ciwo, gidan sauro, kowa kuma ya sabunta allurar tetanus. Yankan murjani ƙarami ne a ido amma yana saurin ruɓa, a wanke shi da sabulu da ruwan daɗi sosai a cire ɓarɓashin. Sukar kifi mai dafi, a tsoma wurin a ruwan zafi da fata za ta iya jurewa, kada ya wuce digiri 45, na minti 30 zuwa 90.

A gaya wa kowane baƙo ranar da ya sauka: in ruwa ya ja ka ciki, kada ka yi kokawa da shi, ka yi iyo ta gefe, daidai da gaɓa, har ka fita daga jan. Mai nutsewa kuma ba ya ihu.

Kyaftin:
Ƙari ɗaya. In ƙasa ta girgiza da ƙarfi ko ta daɗe tana girgiza, ko teku ta janye ba lokacinta ba, a hau tudu nan take, ba a jiran sanarwa. Mutanen tsibirin Simeulue na Indonesiya sun riƙe wannan tun ambaliyar 1907, suna kiranta smong. A Disambar 2004 suna daf da inda babbar girgizar ƙasa ta tashi, amma waɗanda suka rasu a cikinsu ba su kai goma ba. Mai sayen fili ya taka da ƙafarsa daga filin zuwa tudu mafi kusa, ya duba agogo.

Baban Ummi:
Allah Ya saka da alheri. Saura wuta da ɓarayi, sannan ko masaukin zai mayar da kuɗinsa.

Injiniya Abu Safwan:
Wuta lissafi ce. Firji kimanin kilowat-awa 1.5 a rana, fanka 4 masu wat 50 na awa 10 sun ci 2, fitilu da caji 0.5, injin ruwa 0.5. Jimla 4.5. Faifan sola 4 masu wat 400 za su ɗauka, da batirin litiyom na kilowat-awa 10 don kwana biyu na hadari. In batirin ruwa ne a ninka, don ba a sauke shi ƙasa da rabi. Na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya a dare ɗaya tana iya cin fiye da gidan duka, don haka a yi tagogi masu fuskantar juna. A riƙa wanke faifan da ruwan daɗi, inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir wutar gida, kuma a ɗakin da iskar teku ba ta bugawa. Janareta a waje, hayaƙinsa na kisa a rufaffen ɗaki. A tsibirin Eigg na Sikotilan, inda mazauna suka saye tsibirin a 1997 suka kafa wutarsu a 2008, kowane gida an ƙayyade masa kilowat 5, in ya zarce ta ɗauke masa shi kaɗai.

Barista:
Sata a ƙaramin tsibiri ba irin ta birni ba ce, kowa ya san kowa, hanyar fita kuma ɗaya ce. Abin da ke ɓacewa shi ne injin jirgi, batir, faifan sola da mai, galibi daga gidan da aka rufe wata shida. A cire inji a kulle a ɗaki, a rubuta lambarsa, a sa mai gadi da albashi da aikinsa a rubuce. Abin da ya fi sata yawa rikici ne: baƙo ya katange hanyar da masunta ke bi zuwa jiragensu, ko injinsa ya sa rijiyar unguwa ta yi zartsi. 'Yan sanda suna ƙetare, waɗanda ka ɓata wa su ne masu fito da kai in ciwo ya tashi da tsakar dare. A nemi lasisin masauki, a riƙe littafin sunayen baƙi, a karanta inshora a ga ko ta haɗa da ambaliya da guguwa, don sau da yawa an cire su.

Hajiya Mai Masauki:
Baban Ummi, ga lissafin da dillali ba ya yi. Ɗaki 4 sau kwana 365, dare 1,460. A ce lokacin baƙi kwana 120 ne, ɗakuna suna cika kashi 60 cikin 100, dare 288. Sauran kwana 245 a ce kashi 10, dare 98. Jimla 386, wato kashi 26 cikin 100. Daga nan za a fitar da albashin shekara, mai, fenti, gyaran da gishiri ke jawowa, da kason shafukan intanet masu kawo baƙi. A lissafa kuma ranakun da jirgi bai tashi ba: baƙon da ya maƙale a ƙetare kuɗinsa zai nema, wanda ya maƙale a wurinka ya rasa jirgin samansa kai zai ɗora wa laifi. A rubuta masa tun kafin ya biya cewa ya bar kwana ɗaya ko biyu tsakanin barin tsibiri da tashinsa. Shara ma a jirgi take fita, kwalba, gwangwani, tsohon batir, duk da kuɗin dako. Wanda ya ci bashi ya gina yana jiran baƙi su biya, ya tuna 2020, shekarar da korona ta hana baƙi zuwa.

Ni shawarata, kada a sayi komai a shekarar farko. A kama haya a zauna ƙarshen rani da tsakiyar lokacin iska. In an gamsu, a fara da ɗaki 2.

Malam Magini:
Hajiya, ɗaki 2 ɗin ma a gina su a matsayin gidan zama tukuna, da tanki da sola daidai su. In baƙi sun zo, a ƙara rufi kafin a ƙara gado.

Baban Ummi:
Injiniya, ma'aunin gishirin nan, a wane lokaci na rana ya fi dacewa a gwada rijiya?

Injiniya Abu Safwan:
Sau biyu. Da asuba kafin kowa ya ja, sai da yamma bayan an wuni ana ɗiba. In na yamma ya ɗara na asuba sosai, rijiyar tana kan iyakarta da mutanen da take ɗauka yanzu, ba ta da wurin ƙarin mutum 8. A maimaita ranar babbar cikar teku, a rubuta adadin da kwanan wata.